Gyaɗar Kano da Gyaɗar Kongwa: Wani Babi Daga Tarihin Wautar Masana



Sa'ad da aka nemi in yi lacca a kan wauta, wani abokin aikina ya ce mini lalle masu shirya taron sun san wanda suka zaɓa. Na karɓi zolayar hannu biyu, domin ba na jin akwai wanda ya daɗe yana koyarwa bai taɓa tsayawa gaban aji ya faɗi abin da bai tabbatar ba, da murya irin ta wanda ya tabbatar. To, ni ɗalibin tarihi ne, saboda haka ba zan kutsa gonar masana halayyar ɗan Adam ba. Labarin gyaɗa zan bayar, a wurare uku, cikin shekaru wajen 40.

Amma kafin nan, bari mu ari wani rabo daga wurin malamanmu na zaure. Su kan ce jahili iri biyu ne. Akwai jahili basiɗi, watau wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba. Wannan da sauƙi, maganinsa tambaya. Akwai kuma jahili murakkabi, wanda bai sani ba, bai kuma san cewa bai sani ba, jahilci a kan jahilci kamar hawa biyu na soro. Yawancinmu in an ambaci murakkabi, sai mu hango wani wanda bai taɓa shiga makaranta ba yana gardama a bakin kasuwa. Har ma a 1999 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Cornell ta Amurka, David Dunning da Justin Kruger, sun buga wani bincike da ya nuna cewa ɗaliban da suka fi faɗuwa a jarrabawa su ne suka fi kai kansu inda ba su kai ba wajen ƙiyasta makinsu. Ba na musun akwai irin wannan. Amma ɓarnarsa kaɗan ce, domin ba wanda ke miƙa masa baitulmali. Murakkabin da ya fi ci wa al'umma dukiya a tarihi shi ne mutum mai ilimi na gaske, mai takardun shaida na gaske, wanda ya wuce iyakar iliminsa bai lura ba. Gona akan dasa mata gamba a kan iyaka, kowa ya san inda tasa ta tsaya. Ilimi ba a dasa masa gamba. Mutum yana cikin tafiya sai ya shiga gonar da ba tasa ba, kuma ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba ta sake launi ba balle ya farga.

Mu fara daga gida. A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila, wadda aka fi sani da B.C.G.A., a birnin Mancesta, domin sun gaji da dogara ga audugar Amurka. Idonsu ya faɗa kan ƙasar Hausa, kuma ba a banza ba. Matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, sun rubuta labarin masaƙa da marina da tufafin Kano da ake kai wa har Tambutu da Tarabulus. Masana suka yi lissafi: ga mutane masu yawa, ga auduga sun iya nomanta tun kaka da kakanni, abin da ya rage kawai hanyar fitar da ita. Wannan lissafi yana cikin manyan hujjojin da aka kafa a 1907 aka amince da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya da fasinja a 1912. Aka kafa injin gurza a Zariya, aka zauna jiran auduga.

Sai ga gyaɗa. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ba ta wuce tan 2,500 da 'yan kai ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Buhuna suka cika tashar Kano har reluwe ta rasa taragun ɗauka.

Me ya faru? Duk abin da masanan suka sani gaskiya ne. Abin da ba su tambaya ba shi ne: audugar nan da ake nomawa, ina take zuwa, kuma nawa ake sayenta? Da sun zauna yini guda a kasuwar Kurmi, da sun ji cewa masu kaɗi da masaƙan gida suna biyan kuɗin da ya fi kwabo ɗaya a kan laba da B.C.G.A. take bayarwa. Watau wannan sana'ar saƙa da ta jawo hankalinsu, ita ce ta fi su tayi. Shi kuwa manomi nasa lissafin daban. Gyaɗa tana son jigawa irin ta kewayen Kano. Ana iya shuka ta tsakanin gero da dawa. Ba ta tsotse ƙasa kamar auduga, sai ma ta gyara ta. Harawarta abincin dabbobi ce. In kasuwa ta faɗi, a ci ta, a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli. Auduga kuwa ba wanda ya taɓa yin tuwo da ita. Ga haraji da ake nema a biya da kuɗin Bature. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun gano dabarar daskarar da man tsiro ya zama man shafa wa burodi, saboda haka kamfanoni suna tayi mai kyau. Tsofaffin fataken goro na hanyar Gwanja, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, su suka baza yaransu ƙauyuka da bashi da gishiri da tufafi suna shaida wa manoma cewa Turawa na sayen gyaɗa. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn ya bi diddigin wannan al'amari a littafinsa da maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1978, ina kuwa shawartar ɗalibai su neme shi.

Kada a ce ina cewa manomi ba ya kuskure. Damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwa mai tsanani a 1914, kuma wanda ya rage gonar hatsi domin gyaɗa ya ɗanɗana kuɗarsa. Mutane suka koma wa gero da dawa, fitar gyaɗa ta faɗi ƙasa da tan 9,000 a 1915, sa'an nan da rumbuna suka cika ta tashi ta haura tan 50,000 a 1916. Abin lura shi ne saurin gyaran. Manomi ya yi kuskure a damina ɗaya, cikinsa ya gaya masa, ya gyara a ta gaba. Ku riƙe wannan, domin za mu ga inda aka yi damina huɗu ba a gyara ba.

Yanzu mu ƙetara zuwa gabashin Afirka, shekaru 33 bayan haka. An gama Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta fito a jigace, ana raba wa mutanenta man girki da man shafa wa burodi da awo. Bukatar gaskiya ce, ba ƙirƙira ba. A 1946 Frank Samuel, manajan darektan kamfanin U.A.C., ya kai wa gwamnatin Ingila shawara cewa a share dajin Tanganyika, watau Tanzaniya ta yau in an cire Zanzibar, a noma gyaɗa da injuna. Gwamnati ta tura mutum uku su duba, a ƙarƙashin John Wakefield, tare da John Rosa da David Martin. Ina so ku lura da Wakefield. Ba baƙo ba ne a ƙasar. Ya yi shekaru da yawa yana aikin gona a Tanganyika har ya zama Darektan Aikin Gona na ƙasar. In da za a jera mutanen Ingila a ce wa ya san noman Tanganyika, yana sahun gaba.

Suka yi mako 9 suna zagaye, yawancinsa a jirgin sama. Hausawa dai sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Daga sama suka ga fili shimfiɗe iyakar ganin ido, ba kowa a ciki, suka dawo suka rubuta rahoto cewa a share eka 3,210,000, a raba ta gandu 107, kowane gandu eka 30,000, mafi yawa a Tanganyika, saura a Kenya da Rodeshiya ta Arewa. Suka ƙiyasta kuɗin aikin a kan fam miliyan 24, amfanin kuwa tan 600,000 ko fiye a kowace shekara in aiki ya kankama. Ministan Abinci, John Strachey, ya rungumi rahoton. Aka amince, aka fara aiki a Kongwa, a tsakiyar ƙasar, a watan Fabrairu na 1947. Ba a yi gonar gwaji ba, wai lokaci ya ƙure.

Tambayar da kowane dattijon ƙauye zai fara yi ita ce: fili mai kyau haka, don me ba kowa a cikinsa? Mutanen wurin, Wagogo, makiyaya ne masu ɗan noman hatsi, kuma tarihinsu cike yake da fari da yunwa. Sun bar dajin nan ne domin sun san ruwansa ba shi da alkawari. Ma'aunan ruwan sama na Turawa a yankin kaɗan ne, shekarun da aka yi ana rubutawa ma kaɗan, amma aka ɗauki 'yan alƙaluman nan aka gina aikin miliyoyi a kansu. Ilimin Wagogo kuwa, tun da ba a rubuce yake cikin fayil ba, ba a lissafa shi ilimi ba.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ba a sami sababbin katafiloli ba, sai aka sayo tsofaffin da sojan Amurka suka bari a tsibiran Filifin, da yawansu suka mutu tun kafin su yi aikin kirki. Kamfanin Vickers ya juya tankokin yaƙi samfurin Sherman suka zama motocin noma. Tashar jiragen ruwa ta Darussalam ta cushe, hanyar jirgin ƙasa guda ɗaya ce, ambaliya kuma ta yanke ta. Dajin da aka hango daga sama kamar ciyawa, ashe sarƙaƙiya ce mai saiwoyi kamar ƙarfe, ga kukoki, ga ƙudan zuma da suka kai direbobi asibiti. Sai da aka ɗauro sarƙar angar jirgin ruwa tsakanin katafila biyu ana jan ta kafin itatuwa su riƙa faɗuwa da sauri, saiwoyin kuma suna nan a ƙasa suna karya garemani. A shekarar farko an yi niyyar eka 150,000. Abin da aka shuka wajen eka 7,500 ne.

Babbar matsalar kuwa ita ce ƙasar kanta. Laka ce gauraye da yashi mai kaifi. Da danshi tana nomuwa, ko da yake tana cinye bakin garma kamar dutsen wasa wuƙa. Da ruwa ya ɗauke sai ta daskare kamar daɓe. Duk wanda ya taɓa tonon gyaɗa a cikinku ya san 'ya'yanta a cikin ƙasa suke, ya kuma san dalilin da ya sa ake nema mata jigawa. A Kongwa an kai ga gyaɗa ta nuna amma ba ta tonuwa. An auna sinadarin ƙasar an ga tana da ƙarfi. Yadda take zama da kaka, lokacin da za a cire amfanin, shi ne ba a tsaya an gani ba. Bayan shekara biyu, gyaɗar da aka girbe ba ta kai wadda aka sayo domin iri ba.

A nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye. A waɗannan shekaru manoman Nijeriya ta Arewa, da fartanya da jaki, suna sayar da gyaɗa wajen tan 300,000 a shekara. Dalar gyaɗa tana ta ƙaruwa a Kano, ta bara ta tarar da ta bana, ƙwari suna ci, domin reluwe ta fito daga yaƙi ba isassun kawunan jirgi da taragu. Watau man da Ingila take nema yana nan jibge a buhuna, abin da yake bukata jirgin da zai kai shi Ikko. An faɗi haka a majalisar dokokin Ingila. Amma sayen taragu ba ya sa sunan minista a tarihi.

To, me ya sa aka yi shekara huɗu ana zuba kuɗi? Wannan ita ce tambayar da na fi so ma'aikatan gwamnati su tsaya a kanta, domin kuskuren Wakefield na mako 9 ne, sauran kuwa aikin ofis ne. A 1948 aka miƙa aikin ga wata sabuwar hukuma, Hukumar Abinci ta Ƙasashen Waje, shugabanta Leslie Plummer, wanda ya fito daga harkar jarida, babban manajanta a fili kuma Manjo-Janar Desmond Harrison, injiniyan soja. Kowannensu gwani ne a fagensa. Soja ya saba cewa in an ƙara mutane da injuna da horo, tudu zai faɗi; ɗan jarida ya saba cewa in labari ya yi daɗi jama'a za su bi. Ruwan sama bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mutanen da ke cikin ƙura a Kongwa sun gane gaskiya da wuri, amma rahoto in ya tashi daga gona zuwa Landan yakan bi ta hannu da yawa, kowane hannu kuma ya ɗan sa masa zuma. Ministan ya riga ya ɗaura sunansa da na jam'iyyarsa a kan aikin, saboda haka duk wanda ya kawo mummunan labari ya zama kamar ɗan hamayya. A 1949 aka ba Plummer lambar girma ta Sir. A cikin shekarar nan masu binciken kuɗi suka ƙi shaida cewa littattafan hukumar daidai suke, a watan Nuwamba kuma aka sallami Wakefield da Rosa. Jami'in watsa labaran hukumar, Alan Wood, ya ajiye aiki ya rubuta littafi a 1950 ya fasa ƙwan. Strachey aka mai da shi ma'aikatar yaƙi. Sai a watan Janairu na 1951 gwamnati ta amsa cewa abin ya gagara, ta yafe fam miliyan 36 da rabi.

An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik, malamin Madina wanda ya rasu a shekarar 795, tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Mu da muka tashi cikin mazhabarsa mun sha jin wannan labari, muna kuma ɗaukarsa labarin tawali'u. Ni a ganina har da ƙwarewa a ciki. Kafin mutum ya ware tambayoyi 16 da ya sani daga 32 da bai sani ba, sai ya san inda gonarsa ta tsaya taku da taku, wannan kuwa sai wanda ya daɗe yana nomanta. Sa'an nan ya zauna cikin jama'ar da ba ta rage masa daraja don ya faɗi haka ba. Wannan na biyun shi ne abin da ofis yake kashewa. Na yi shekaru ina karanta tsofaffin fayiloli, na ga "a duba", na ga "a sake nazari", na ga "babu laifi", amma da wuya ka ga babban ma'aikaci ya rubuta da hannunsa cewa wannan al'amari ya fi ƙarfin saninsa, a tambayi mutanen wurin. Ni kaina na taɓa zama a wani kwamiti aka kawo mana shirin wani aiki cike da alƙaluma. Akwai wani adadi guda da dukan lissafin ya rataya a kansa, ban gane daga inda aka samo shi ba. Na dubi fuskokin sauran, na ga kowa ya natsu kamar ya gane, sai na ji kunya na yi shiru. Bayan an tashi, a bakin mota, mutum uku suka tambaye ni ko na gane adadin nan. Mun riga mun sa hannu.

Da a ce Kongwa ta zama izina, da da sauƙi. Amma tun tana cikin rushewa, a 1949, Hukumar Raya Ƙasashen Mulkin Mallaka ta haɗa hannu da gwamnatin Nijeriya aka buɗe irin wannan aiki a Mokwa, cikin ƙasar Nufe, arewa da Jebba. A nan an ce an koyi darasi: ba za a yi noman albashi ba, za a zaunar da manoma ne a sababbin ƙauyuka. Kamfani zai share daji ya yi huɗa da tarakta, kowane manomi ya kula da eka 24 na gyaɗa da dawa, in an girbe kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku, manomi ya ɗauki ɗaya. A takarda lissafin ya fita sarai.

Sai dai tarakta tana huɗa, ba ta yin noman ciyawa a gonar da kututture da saiwoyi suka cika. Noman fari da maimai suka koma kan fartanya. Kowane yaron ƙauye ya san cewa ba huɗa ce take ƙayyade girman gonar mutum ba, ciyawa ce, domin ita ba ta jira: makonni kaɗan ne a farkon damina, in ba ka kai gare ta ba ta cinye shukar. Magidanci da iyalinsa da ƙyar suke riƙe 'yan ekoki kaɗan a wannan lokaci, ga shi an ɗora masa 24. Ba kuma 'yan ƙodago da za a ɗauka, tun da an zaɓi wurin ne musamman saboda ba mutane. Nufawan da ke kewaye ba su rasa ƙasar noma ba, saboda haka ba su ga dalilin barin gonar da amfaninta duka nasu ne su koma inda za a ba su sulusi ba. Waɗanda suka shirya aikin sun san injin tarakta ciki da waje, sun san taki, sun san lissafin riba. Kwana nawa mutum ɗaya yake yi kafin ya nome eka guda da hannu, wannan ne ba su auna ba, sai daga baya masanin tattalin arziki K. D. S. Baldwin ya zauna ya lissafa a littafinsa na 1957.

Hukumar ta janye daga Mokwa a 1954, gwamnatin Jihar Arewa ta karɓi wurin, aka mai da wani sashe nasa tashar gwaje-gwajen aikin gona, wadda daga baya ta shiga ƙarƙashin cibiyar bincike ta Samaru. Gonar gwajin da ya kamata a fara da ita, da ita aka ƙare. A Kongwa kuwa, bayan an kwashe injuna an sallami ma'aikata, aka rasa abin da za a yi da filin da aka share. Daga bisani aka shuka masa ciyawa, aka zuba shanu, ya zama wurin kiwo na gwamnati, watau sana'ar da Wagogo suke yi a wurin tun kafin jirgin Wakefield ya bi ta kansu.